Littafin da Tela Ya Ɗinka

Tun da aka sallamo Yaya daga asibiti, Auta ta kwashe kujerun falonta ta jibge su a baranda, ta kafa masa gado a gindin taga. Ɓarinsa na hagu ne ya shanye. Ƙafar ta fara amsawa kaɗan-kaɗan, amma hannun yana nan kwance a kan bargo kamar na aro. Mai gashin ƙashi ta bar masa ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa, shi kuwa ya bar ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado, bai ko tambayi inda ya shiga ba.

Mutumin nan fa direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗoriya. A tasha ba a san shi da wani suna ba sai Taswira, don babu hanyar da ya taɓa bi sau ɗaya ya sake tambaya. Zai gaya maka inda rami yake, da gefen da za ka kauce masa, da mai facin da ke gaba in ka ƙi jin magana. Da ƙwaƙwalwarsa yake tinƙaho, ba da ƙwanji ba. Shi ya sa ranar da likita ya ce irin wannan ciwo yakan taɓa tunani, Auta ta ga maganar ta shige Yaya. Likitoci ma dai, sai su yi ta magana a kan mutum a gabansa kamar buhu aka ajiye.

Auta malamar lissafi ce a sakandare. Ta ba hamsin baya, ɗalibai suna jin takunta su nutsu, amma a gidan nan har gobe Auta ce, kuma har gobe ana aikenta. Mahaifiyarsu, Inna, tana ɗakin baya. Kunnenta ya yi nauyi, ko da yake 'ya'yanta sun daɗe da lura cewa nauyin yana zaɓen magana.

Wata rana da la'asar wani mai keke ya wuce ta ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa. Yaya, wanda ya kwana biyu ba a ji komai daga bakinsa ba sai "eh" da "a'a", ya juyo da kai.

"Auta, kin tuna littafin ƙararrawa?"

Saura kaɗan kofin da ke hannunta ya suɓuce. Ina za ta manta?

Babansu tela ne, Allah ya jiƙansa. Bai yi karatun boko ba, amma ya ƙi jinin ya ga takarda mai rubutu a ƙasa. Shi ya kawo musu littafin, lokacin Yaya yana ɗan shekara sha biyar, ita kuma tana biye da shi. Ya yi masa bango da ƙyallen shuɗin yadi, ya ɗinke gindinsa da baƙin zare, ya datse gefunansa da almakashi suka yi tsaf. A ƙarƙashin teburin yanka suke shigewa su karanta, keken ɗinki yana ta sukuwa a samansu, guntayen zare suna zubo musu a ka.

Labarin wani saurayi ne mai kula da fitilun jirgin ruwa. Jirgin yana ɗauke da wata ƙatuwar ƙararrawa da za a kai wani tsibiri, kuma akwai miyagu a cikin ma'aikatan jirgin da ke son su sace ta su narkar. A tsakiyar littafin guguwa ta taso, saurayin ya hau ya ɗaure fitila, igiyar ruwa ta yi awon gaba da shi. Kana juya shafi, sai ga shi ya farka a kan dutse mai dusar ƙanƙara, da wani suna dabam, da gemu, da alfadari mai kunne ɗaya yana lasar fuskarsa.

A nan daɗin yake. Littafin bai taɓa faɗin yadda aka yi mutum ya faɗa teku ya farka a ƙololuwar dutse ba, su kuwa suka ce ai gwanintar marubucin ke nan. Yaya ya ce buguwa a ka ce ta sa saurayin ya manta sunansa. Auta ta ce ƙarya ne, da gangan ya sauya don miyagu. Gemun kuwa sun yi ittifaƙi cewa ya daɗe a sume. Ba a ƙara ambaton jirgi ko teku ba, sai kwazazzabai da kyarkeci da gadar igiya. Amma a shafin ƙarshe, da mutumin ya gangaro da alfadarinsa rabin rai, sai ya ji ƙararrawa tana tashi daga wani gari a ƙasan dutsen. Ranar da suka fara kaiwa wurin, Yaya ya miƙe zumbur ya manta yana ƙarƙashin tebur. Ƙulun da ya yi a ka ya kwana biyu bai sace ba, yana ta cewa, "Ita ce. Ƙararrawar ta riga shi isowa."

Daga baya gara ta cinye littafin a cikin akwati, tare da wasu kayan Baba.

"Da za a samu," in ji Yaya yana kallon silin, "da na so in ƙara ji."

Shi ke nan abin da ya roƙa tun da ya kwanta. Auta ta tuna sunan littafin, don yana shafin farko, kuma ashe tsohon littafi ne sananne da ba a daina bugawa ba. Kafin mako ya zagayo ta samo shi a wani kanti, sabo fil, da bango mai sheƙi. Ta dawo tana taku ɗaya-ɗaya kamar wadda ta ci gasa.

Da farko komai ya tafi daidai. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta ja kujera ta zauna, ta ɗora tabarau a karan hanci ta fara. Tabbas wasu wuraren sun ba ta kunya. Miyagun duk da tabo a fuska, jarumin ba ya buɗe baki sai ya yi wa'azi, kuma jirgin da take tunawa kamar gari guda ashe mutum goma sha ne a ciki. Amma da ta ɗaga ido sai ta ga leɓen Yaya yana motsi, yana riga ta zuwa ƙarshen jimla. Ya fara cin abinci. Ya fara gyara mata karatu, wai tana sauri kamar mai gudun 'yan sanda.

Sai ranar guguwa ta zo. Yaya ya sa aka ƙara masa matashi. Igiyar ruwa ta ɗauke saurayin, Auta ta lashi yatsa ta juya shafi tana murmushi, ta ci gaba.

Masunta ne suka tsamo shi da safe. Suka ba shi ruwan zafi, suka mai da shi jirginsa.

Ta tsaya. Ta koma baya ta duba ko shafuka sun manne. Ba su manne ba. Ta leƙa gaba da sauri: babu dutse, babu ƙanƙara, babu ko jelar alfadari. An kai ƙararrawa tsibiri lafiya, an kama miyagu, saurayin ya auri 'yar mai jirgi ya zama akawu a ofishin surukinsa.

"Ina alfadarin?" in ji Yaya.

"Ina jin wani bugu ne dabam, Yaya. Ka san masu buga littattafan yanzu."

"Karanta mini abin da ke nan."

Ta karanta. Ya saurara har ƙarshen littafin, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe likita ya yi gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Hannu ya tafi, na ce to. Ƙafa, na ce to. Ashe kan ma ya bi su. Ina kwance ina ganin dabbar nan da idona, har gefen da kunnen ya guntule, alhali babu ita."

"Wallahi akwai ta. Ni ma na tuna. Mai kunne ɗaya, ga gadar igiya, ga..."

"Auta." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Kowa ya shigo ɗakin nan sai ya ce mini na yi kyau. Jiya abokin aikina ya ce na fi shi ƙiba. Ke ma kin shiga layinsu? In na ce na ga giwa a bayan ƙofa, cewa za ki yi kin ga hauren."

Ya juya fuska bango. Garin neman ƙiba an samo rama. Washegari bai taɓa abinci ba, mai gashin ƙashi ta zo ta yi ta sallama ya yi kamar barci yake. Auta ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko a asibiti. Can jikinsa ne ya faɗi, yanzu kuwa shi ne da kansa yake sakin igiya. Kuma ta san halinsa: rantsuwa ba za ta yi aiki ba, sai ya gani a rubuce.

Ta shiga ɗakin Inna ta zauna a bakin gado, ba don neman shawara ba, don dai ta sami inda za ta yi tagumi. Inna tana tsinke kalmasar wani tsohon zane da reza.

"Me kika yi wa yayanki?"

Auta ta ɗaga murya ta kwashe labarin duka ta gaya mata. Inna ta ajiye reza. Kafaɗunta suka fara rawa, Auta ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, har da share ido.

"Littafin nan mai shuɗin bango? Ai biyu ne."

"Biyu kamar yaya?"

"Biyu kamar ɗaya da ɗaya, ke da kike malamar lissafi. Babanku yakan sayo tsofaffin takardu a buhu don naɗe ɗinki. Ran nan ya zazzage ya ga rabin littafi, mai kai babu ƙafa. Ya ƙara tonawa ya ga wani rabin, mai ƙafa babu kai. Ya gwada su ya ga kusan tsawonsu ɗaya. Na ce masa, kai, waɗannan ba uwa ɗaya ta haife su ba, dubi takardar ma, wannan ta fi wannan ja. Ya ce mini gaban riga da bayan riga in aka haɗa ai riga ce. Inda ɗaya ya ɗara ɗaya ya sa almakashi ya daidaita."

Auta ta dafe kai. Shi ya sa littafinsu ba shi da lambar shafi ko ɗaya. Baba ya datse su duka, sama da ƙasa. Ita da take kama ɗalibi in ya tsallake layi guda a lissafi, ta yi shekara arba'in tana kare mutumin da ya faɗa teku ya fito a kan dutse.

"Inna, shekara da shekaru muna gardama a gabanki, ba ki taɓa cewa komai ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma littafin nan ne kaɗai ke sa ku zauna wuri ɗaya ba dambe. Ni mahaukaciya ce in tona?" Ta ɗauki rezarta. "Shi kuwa babanku, in kun fara musun nan a ƙarƙashin tebur, rage gudun keke yake yi don ya ji. Yakan ce mini, kin ji yaran nan, inda ɗinkina bai kai ba su suke ƙarasawa."

Auta ta tashi za ta kai wa Yaya labari, ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Zai ce an haɗa baki da tsohuwa. Sai dai a nemo littafi na biyu, wanda ba ta san sunansa ba, ba ta san wanda ya rubuta shi ba, ba ta ma taɓa ganin farkonsa ba.

Ta fara bin masu tsofaffin littattafai. Akwai su a bayan tashar mota, akwai a ƙarƙashin gada, akwai wani lungu kusa da masu gyaran agogo inda ake shimfiɗa su a kan leda a danne da duwatsu. Ko'ina tambayarta ɗaya: littafin da akwai alfadari mai kunne ɗaya. Wani ya miƙo mata littafin kiwon dabbobi. Wani ya dube ta sama da ƙasa ya ce ko dai jikanta ne ya aiko ta. Ta daina tambaya, ta koma tsugunawa da kanta tana buɗe kowane tsohon littafi daga tsakiya, gwiwoyinta suna ƙara, yatsunta sun yi baƙi. A gida kuwa Yaya kullum ƙara shigewa bango yake yi.

Allura a cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. A shagon wani dattijo da ke rufe kasuwancinsa, a cikin kwalin da ya ware don masu naɗe kaya, ta ɗago wani littafi da bangonsa ya cire. Ta buɗe tsakiya. Ga zanen nan: mutum kwance a ƙanƙara, dabba ta sunkuyo kansa, kunne ɗaya a tsaye. Sai ga malama guda zaune daɓas a kan simintin shago tana dariya da hawaye.

"Lafiya, baiwar Allah?" in ji dattijon.

"Abin nema ya samu," ta ce.

"Matar falke ta haifi jaki."

"Alfadari dai, baba."

Da ta iso gida ba ta yi wa Yaya wani bayani ba. Ta ja kujera, ta ɗora tabarau, ta buɗe daidai zanen, ta fara karanta wa ƙeyarsa. Mutumin ya farka. Sanyi ya kama masa gemu. Wani abu mai ɗumi yana goga masa kunci. Ta kai inda ya ɗaga ido ya ce wa dabbar wata magana, sai ta yi shiru da gangan.

Sannan daga wajen bango murya ta fito, a dishe.

"Ni da kai duk an rage mu, aboki. Tashi mu tafi."

"Haka yake a nan," in ji Auta. "Ko wasali ba ka sauya ba."

Ya juyo. Ta sa masa littafin a gaban ido, ta ɗora yatsa a kan layin. Ya karanta, ya sake karantawa, ya daɗe yana kallon zanen. Daga nan ta fara jarraba shi kamar ɗalibi. Me ke bayan gadar igiya? Bukkar mai tarko. Wa ya saci gishiri? Ba sata aka yi ba, alfadarin ne ya lashe. Duk abin da ya faɗa sai ta buɗo shafin ta nuna masa. Taswira bai kuskure ko kwanar hanya ɗaya ba.

Inna ta dogaro sandarta ta shigo, ta zauna ta maimaita labarin buhu da almakashi, har da ƙarin gishiri. Yaya ya saurara baki buɗe.

"Wato mutum biyu ne."

"Mutum biyu."

"Ƙararrawar ƙarshen fa?"

"Ta wani gari ce can, Yaya. Ba ruwanta da jirgi."

Auta ta zuba masa ido, tana tsoron ko ta sake ɓata rawarta da tsalle. Sai ta ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga, dariya ta ƙwace masa, karkatacciya, har da tari.

"Marubutan nan biyu ba su san abin da suka rubuta ba," ya ce. "Ɗaya ya mai da jarumi akawu. Baba ya fi su iya labari." Ya share ido da bayan hannu. "Kawo reza."

"Me za ka yi da reza?"

"Ke za ki yi. Inna, akwai baƙin zare?"

Akwai, har da basillar Baba, a cikin gwangwanin da Inna ba ta bari kowa ya taɓa. Auta, wadda ke cin tarar ɗalibi in ya naɗe kunnen shafi, ta ɗora sabon littafi mai sheƙi a kan tiren abinci ta tsaga shi biyu daidai inda igiyar ruwa ta ɗauke saurayin. Ta tsaga tsohon daidai zanen. Inna tana ba da umarni daga kujera: a huda tukuna, a ja zare kada a tsuke, wannan ɗinkin naki ko buhun gawayi ya fi shi kyau.

Matsalar ita ce rabi da rabin ba sa zama. Da ta soka basilla sai na sama ya zame.

"Yaya, danne mini nan."

Ya danne da hannun dama. Ɗaya gefen ya buɗe.

"Can ma. Hannuna biyu ne kawai."

Ba ta yi tunanin komai ba da ta faɗa, idonta yana kan basilla. Sai ta ga ya saki, ya kamo hannun hagun da na dama, ya ɗora shi a kan takardun kamar dutsen danne kaya, ya mai da na daman wurinsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Yatsun nan da suka yi watanni a kwance suka ɗan lanƙwashe, suka kama gefen littafin. Kamun bai fi na jariri ba, amma takardun ba su ƙara zamewa ba. Auta ta ga abin, Inna ma ta gani. Auta ta ci gaba da ɗinki, sai dai ramin basillar ya riƙa yi mata biyu-biyu.

Da aka gama Inna ta karɓa ta juya shi, ta ce babu laifi, gobe za ta nemo ƙyalle a yi masa riga. Auta ta tattara ragowar, wato farkon littafin dutse da ƙarshen littafin teku, za ta kai kwandon shara.

"Ina za ki da su?" in ji Yaya.

"Ragowa ce."

"A gidan tela? Kawo nan." Ya sa ta jera su a kan tiren, wannan a kan wannan. "Ga wani mai gemu zai hau dutse da alfadari. In ya faɗo, masunta su tsamo shi a teku, ya auri 'yar mai jirgi. Yadda aka yi ya aske gemun, da inda ya bar dabbar mutane, sai mun zauna."

"Buguwa ce ta sa ya manta da ita," in ji Auta.

"Ƙarya ne, da gangan ya yi. Wannan ba mu taɓa karanta shi ba, Auta." Ya sake kamo hannun hagun ya ɗora a kan takardun. "Sa zare."